Auren da Ba Mu Halarta Ba

Ina cikin wankan jego wasiƙar ta iso, kwana ashirin da 'yan kai da haihuwar ɗiyata. A Gwandu nake a lokacin, gidanmu, tunda haihuwar fari ce. Inna ta gama fyaɗa mani ruwan zafi da ganyen darbejiya ke nan, na fito jikina na tururi, na zauna a tabarma da kwanon kunun kanwa a gabana, sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga ofishin jakadancin ƙasar da mijina ke aiki. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don har gobe takarduna a hannunsu suke, ni kuma na gaji da rigima. Wata bakwai ina jiran wannan saƙo. Bizar matar aure na nema, wadda za ta ba ni damar bin mijina mu zauna wuri ɗaya, ga shi yanzu har da jaririyar da bai taɓa ɗauka ba, sai dai a haska masa ita ta waya.

Na yi bismillah na buɗe. Turanci nake koyarwa a sakandare, amma wallahi sai da na karanta sau uku kafin maganar ta shiga kaina. Sun hana. Da a ce wata takarda ce ta ɓace, ko hoton fasfo bai fita ba, da sauƙi. Cewa suka yi ba su gamsu an taɓa ɗaura aure tsakanina da mutumin da nake kira mijina ba.

Inna ta shigo da jaririyar a kafaɗa, ta dube ni ta tsaya.

“Lafiya? Mi ya samu mijin naki?”

“Inna, wai sun ce ba ni da aure.”

“Su wa?”

“Turawa.”

Ta yi salati ta dire, ta dubi yarinyar da ke kafaɗarta, ta sake dubana. “To wagga fa? Daga sama ta faɗo?”

Kunun nan har ya huce ban taɓa shi ba.

Ga yadda auren ya kasance. Mijina mutumin Kalgo ne. A jami'ar da ke bakin garinsu muka haɗu, yana ajin ƙarshe ina aji biyu, kuma shekara uku ya yi yana zarya a babur tsakanin Kalgo da Gwandu kafin ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Turai. Yana can manya suka tsayar da rana, mako biyu bayan Babbar Sallah. Ya nemi hutu aka ba shi. Ana saura kwana goma wani abokin aikinsa ya kwanta ciwo, aka tura hutun gaba da mako uku. Ya kira Babana cikin ladabi yana tambaya ko za a ɗaga. Baba malami ne, manyan mutane masu gemu ke zuwa zaurensa ɗaukar karatu, kuma ba ya son a sa rana a tayar. Ya ce an riga an raba goro, an gaya wa mutanen Sakkwato da na Jega, sannan tun yaushe zuwan ango ya zama sharaɗin aure? Akwai waliyyi, akwai wakili, akwai sadaki, ga shaidu.

Gaskiyarsa kuwa, babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Ko ango yana gari, a bayan sahu yake raɓewa da abokansa, uffan ba ya cewa, wakilinsa ke magana. Amarya kuwa ba a ma zancenta. Ni ranar ina ƙuryar ɗakin Inna a lulluɓe, ƙawayena na tsokanata, sai guɗa na ji daga tsakar gida na san an ɗaura. Bayan mako uku angon ya sauka, aka kai ni Kalgo gidan mahaifiyarsa, Hajiya. Ya yi mako shida ya koma, ya bar ni da ciki.

Takardun biza da hannuna na haɗa su. Mutane sun ce in je wurin masu cika fom a Birnin Kebbi, na ce Allah Ya kiyaye, ni da nake gyara wa 'ya'yan mutane Turanci da jan biro. An ce a kawo hotunan ɗaurin aure, na zauna na zaɓi goma sha biyu mafi kyau. Jama'a ta cika harabar masallaci har bakin titi, malamai da rawuna, motoci jere, hannuwa a sama ana shafa fatiha. A tsakiyar hoto uku ko huɗu ga Baffa, ƙanen marigayi mahaifin mijina, manomin shinkafa daga Dangoma, ya sha sabuwar shadda mutane na ba shi hannu, don shi ne wakilin ango. Ina jera su ina jin daɗi, ina cewa a raina duk wanda ya ga wannan taro ya san 'yar gidan mutunci aka aurar. Hotunan da muka ɗauka ni da mijina kuwa duk a ɗaki ne, kaina ba ɗankwali, a wani ma ya dafa kafaɗata. In tura wa ƙattin da ban sani ba su zauna a ofis suna kallo? Ban saka ko ɗaya ba. An ce a kawo shaidar muna magana da juna, na tsince saƙonnin ina kwana, ya aiki, ya sanyi, a gaida Hajiya, na buga su a takarda. Sauran ba na idon kowa ba ne.

To duk abin da na yi alfahari da shi, shi suka juyo suka buge ni da shi. Sun ce hatimin da ke fasfon mijina ya nuna bai shigo Nijeriya ba sai mako uku bayan ranar da ke takardar aure. Sun ce sun duba hoto goma sha biyu ba su ga ango ba, ba su ga amarya ba, mace ko ɗaya ma babu. Saƙonninmu kuma wai ba su yi kama da na mata da miji ba. Na ƙarshen ne ya sa kaina ya sara. Sun ce sa hannun da ke gurbin ango a takardar shaidar aure ba na mijina ba ne, saboda haka suna ɗaukar takardar a matsayin ta ƙarya.

Na tashi da ɗanyen jikina na jawo akwati daga ƙarƙashin gado, Inna na cewa in bi a hankali. Na zaro takardar daga leda. Ga hatimin liman, ga na kotu, komai ras. Na kai ido gurbin ango. Ajami ne ɓaro-ɓaro, an danna biro har ya kusa huda takarda. Hannun Baffa ne. Na san shi sarai, don da shi yake rubuta suna a buhunan shinkafar da yake aiko wa Hajiya. Na dubi gurbin amarya, ƙanen Babana ne, wanda ya ba da aurena. Sau nawa na riƙe takardar nan, na kai an ɗauki hotonta, na shafa ta, na adana, idona bai taɓa tsayawa a wurin ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Na kira mijina yana wurin aiki. Na karanta masa wasiƙar tun daga sama har ƙasa.

“Kai da kake zaune cikinsu shekara biyu,” na ce, “ba ka san ba su yarda da wakili ba?”

“Ina zan sani? Na taɓa aure ne? Ke da kika haɗa takardun, malamar Turanci, ba ki duba sa hannu ba?”

Na kashe wayar a kunnensa. Ya sake kira sau biyar ban ɗauka ba. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Ranar Juma'a Baffa ya zo Gwandu duba mai jego, da zabi biyu ɗaure a bayan babur. Suruka ba ta tuhumar baffan mijinta, don haka na gaishe shi daga bakin ƙofa na sunkuyar da kai, Inna ce ta miƙa masa takardar ta nuna wurin da yatsa.

“Awo, hannuna ne,” ya ce, har da murmushinsa. “Ni na amshi auren, wa za shi sa hannu in ba ni ba? Liman ya miƙo takarda ya ce wajen ango. Na duba hagu, na duba dama, ango na Turai.”

Inna ta yi masa bayani a hankali. Ina kallon murmushin yana barin fuskarsa.

“Takardar ƙarya? Ni? Da furfurata?”

Ya cire hula ya mayar. Ya ce ina ofishin nasu yake, ya je su gan shi da idonsu ya rantse musu da Alƙur'ani. Aka ce Abuja ne, kuma ba a barin mutum ya shiga haka nan. Ya ce to su zo Gwandu mana su tambaya, ko mai sayar da rake a bakin masallaci ya san an ɗaura auren nan, mutum nawa suka shafa fatiha? Ya ajiye takardar a tabarma. Na shigo da niyyar in ji haushinsa, sai na ji tausayinsa ya kama ni, dattijon da ko bashin gaisuwa ba ya ci an kira shi maƙaryaci a takardar da ba zai iya karantawa ba. Abincin da aka kawo masa ko buɗewa bai yi ba.

Mijina ya nemi lauya a can. Bayan mako biyu ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce lauyan ya duba komai. A dokar ƙasar, auren da ango da amarya ba su tsaya da ƙafafunsu sun amsa da bakinsu ba, ba aure ba ne, ko da duk mutanen Kabi sun shaida. Hanya ɗaya ce. Ya dawo gida, mu je ofishin rajistar aure mu biyu, a ɗaura wani, mu sa hannu da kanmu, a sake nema daga farko.

“A ɗaura wani me?” na ce.

“Aure.”

“Da wa?”

“Da ni mana. Haba, ki natsu.”

Na ce shi zai gaya wa Baba. Ya ce ai ni ce a kusa. Maza ke nan.

Kwana uku ina juya maganar kafin na samu ƙarfin hali. Bayan la'asar, masu karatu sun watse, na durƙusa a ƙofar zaure ta cikin gida na yi sallama. Baba na zaune a buzunsa. Na faɗa masa komai, ina magana ina kallon ƙasa. Bai katse ni ba har na gama.

“To wanda munka ɗaura,” ya ce, “mi ne shi?”

Na ƙara sunkuyar da kai.

“Tambayarki nike. Ba a ɗaura wa mace aure sau biyu da miji guda sai in na farin ya mutu. Ya sake ki ne ban sani ba?”

“A'a, Baba.”

“An samu wani aibi a sadaki, ko a shaidu?”

“A'a, Baba. Takarda ce kawai suke so.”

“Takarda an ba su. Cewa sunka yi ƙarya ce. Yanzu kuma so suke mu taru mu ce musu gaskiyarsu.”

Tunda nake ban taɓa jin muryar Baba ta yi rawa ba sai ranar. Daga baya ya ce ikona yana hannun mijina, in ya ce in je in sa hannu, in je, ba zai raba mata da miji a kan taurin kansa ba, kuma yarinya tana da haƙƙin ubanta. Amma shi ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, kuma kada wanda ya kira abin aure a cikin gidansa. Ya ɗauki buta ya fita, alhali na san da alwalarsa.

Da na yi arba'in na koma Kalgo, ashe labari ya riga ni isa. Yadda ya fita ban sani ba, amma ya fita a karkace. Ranar da na koma makaranta wata malama ta ja ni gefe a ɗakin malamai, ta kama hannuna da fuskar tausayi, ta ce, “Ashe abin da ya faru ke nan? Allah Ya sa wannan karon a zauna lafiya. Saki nawa ya yi?” Na fizge hannuna na ce ta je ta tambayi wanda ya aiko ta. A gidan suna, mata na ganina sai hira ta mutu. Wata tsohuwa daga dangin Hajiya ta zo takanas daga ƙauye ta yi mani nasiha a kan haƙuri da miji, ta ce 'yan boko bakinmu ke kashe mana aure. Na zauna ina cewa to, to. Hajiya ce kaɗai ke tare mani. Sunanta aka sa wa yarinyar, takwara take kiranta, kullum tana bayanta. Duk mai tambaya sai ta ce, “Auren ɗana lafiya lau yake, Turawa ne ba su da lafiya.”

Akwai lokacin da na ce a bar maganar bizar nan gaba ɗaya. Mata nawa ne a Kalgo mazansu ke Legas ko Makka, sai shekara-shekara? Na gaya wa mijina haka a waya, na ce ni ba zan tsaya gaban kowa ina goye da 'ya a ce wai yau nake amarya ba.

Yarinyar na wata bakwai ya samu hutun wata guda ya zo. Muna tsakar gida ya shigo da jaka a kafaɗa, bai ko gama gaida Hajiya ba ya miƙa hannu biyu zai ɗauki 'yarsa. Ta dube shi, ta ƙanƙame wuyan Hajiya, ta tsala ihun da ban taɓa jin ta yi ba. Aka yi dariya aka ce ƙyuya ce, za ta saba. Ya sake gwadawa bayan azahar, haka. Washegari haka. Mai kawo mana ruwa a kura tana yi masa dariya har da miƙa hannu, ubanta kuwa ko inuwarsa ta gani sai kuka. Rana ta huɗu na zagaya bayan ɗaki shanya, na same shi tsaye yana share ido da hannun riga. Ya ce ƙura ce ta shiga. Na shanya kayana. Da na dawo na ce ya shirya gobe mu tafi Birnin Kebbi.

Ashe ba a rana ɗaya ake yi ba. Sai da aka rubuta sunana da nasa aka liƙa a allon sanarwa mako uku, wai ko akwai mai ƙorafi a kan auren ya fito. Sunana, da sunan Babana a jikinsa, a bango, kowa ya zo wucewa ya karanta. Kullum ina addu'a Allah Ya sa kada wani ɗalibin Baba ya bi ta wurin.

Ranar da aka sa, mu biyar muka je har da yarinyar. Shaida biyu ake so. Wata ƙawata ta zo dominna, shi kuma Baffa ya kafe sai ya zo, ya ce shi ya ɓata, shi zai tsaya a gyara. Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyi, an ajiye furen roba a kan tebur. Matar da ke ɗaura auren ta dube mu ta saman tabarau ta ce ina zobe? Muka dubi juna. Ƙawata ta zare nata ta ara mana. Aka ce in maimaita wasu kalmomi, na maimaita, muryata kamar ba tawa ba. Auren da aka tara malaman Gwandu aka ɗaura ban ji kalma ɗaya daga cikinsa ba, wannan kuwa da bakina na amsa, gaban furen roba, da zoben aro.

Da aka zo sa hannu, mijina ya sa, na sa. Aka miƙa wa Baffa biro. Ya riƙe shi a sama bai sauke ba.

“Nan ne wajena?”

Matar ta ce nan ne.

“Ki duba da kyau, 'yar nan. Wajen shaida ne, ba na ango ba?”

Ta ce wajen shaida ne, Baffa.

Ya juyo wurina. “Malama, ke kin iya karatunsu. Nan ne?”

Na ce nan ne, Baffa. Sannan ya rubuta, a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Mai hoto ya ce mu matso kusa, ango ya riƙe hannun amarya, mu yi dariya. Gaban Baffa! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya juya ya fuskanci bango yana karanta kalandar da ke rataye, shi da ba ya karanta boko. Yarinyar ta ƙi zama hannun ƙawata, dole na karɓe ta, don haka duk hotunan aurena na biyu tana ciki, tana cizon gefen mayafina.

A mota muna komawa Kalgo na zaro sabuwar takardar, don wannan karon na rantse sai na duba kowane layi. Sa hannu daidai. Suna daidai. Na kai kan kwanan wata, na tsaya. Na lissafa da yatsa, na sake lissafawa. Na taɓa mijina na nuna masa.

“Ka ga? 'Yarmu ta girmi aurenmu da wata takwas.”

Ya dubi takardar, ya dubi ƙeyar Baffa da ke gaba kusa da direba, ya yi ƙasa da murya ya ce Allah Ya san gaskiya, mutanen gari ma sun sani. Na ce mutanen gari ba su za su bi ta Turai ba.

Ya koma bayan kwana biyu. A daren tafiyarsa ne ma yarinyar ta fara yarda ya ɗauke ta, shi ma sai tana ganina.

Wata Asabar da hantsi na zauna a falon Hajiya da kwamfutar da ya bar mani, zan cika fom sabo, nawa da na yarinyar, tunda yanzu ita ma sai da bizarta. Hajiya na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, takwararta a cinya tana ba ta kunu da cokali. Na gama nawa lafiya. Hotuna na saka har da na ɗaki, saƙonni na zuba musu duka, kunyar ta riga ta ƙare. Na buɗe na yarinyar. Suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, sunan uba, sunan uwa. Sai ga wata tambaya da gurbi biyu a ƙarƙashinta, e ko a'a. Shin iyayen yaron suna da aure a lokacin da aka haife shi?

Na kai hannu zan danna e. Sai na ga ƙananan rubutu a ƙasa, wai auren da dokar ƙasarsu ta amince da shi.

Na ɗauki waya na fita bayan ɗaki na kira shi. Ya ce bari ya tambayi lauya. Minti ashirin ina tsaye a rana. Da ya kira, tun daga sallamarsa na san amsar.

“Ya ce a'a za ki danna.”

“Maimaita.”

“Ki saurare ni. In kika ce e, za su koma kan tsohuwar takardar da suka ce ta ƙarya ce. Za su ce mun sake yi musu ƙarya. Su hana ki, su hana ta, kuma wannan karon ba gyara.”

“Ka san sunan abin da kake so in rubuta wa 'yarka? Ka san yadda ake kiransa da Hausa?”

“Kada ki faɗa.”

“Jikar malam! Wadda aka yanka wa rago biyu! Ni da hannuna?”

“Gurbi ne kawai a fom, wa zai gani? Su can ba su ɗauke shi komai ba.”

“Ita za ta gani. Takardunta ne, za ta girma ta karanta, a can za ta yi makaranta, Turancinta sai ya fi nawa.”

Ina jin numfashinsa. Can ya ce, “To faɗa mani yadda za a yi. Ku zauna nan, in riƙa zuwa shekara-shekara tana ganina tana ihu? In haka kika zaɓa, wallahi ba zan ce kin yi laifi ba.”

Ban zaɓi komai ba, na kashe wayar. Na wanke fuska a bakin randa, na koma falo. Kwamfutar na nan yadda na bar ta, tambayar na jira. Yarinyar ta gama shan kunu, duk ya ɓata mata haɓa, tana jan carbin Hajiya tana dariya.

Hajiya ta dube ni. “Ɗiyata, idonki ya yi ja. Mi sunka tambaya kuma, mutanen nan?”

Na buɗe baki, gaskiyar ta ƙi fitowa. Matar nan ita ta tsaya ta tare mani bakin gari wata da watanni.

“Rigakafi ne, Hajiya. Suna tambaya ko an yi mata allurar rigakafi.”

“Shi ne abin kuka? Ce musu e mana. An yi mata duka, ni na kai ta da ƙafata.” Ta ɗaga yarinyar sama tana yi mata wasa. “Ko ba haka ba, takwara? Mu komai namu a kan ƙa'ida yake.”

Na ce to, Hajiya. Na danna a'a.